Baba Sannu-Sannu da Giyabos ɗin Shuɗiya

Mahaifina direba ne tun kafin a haife ni, kuma kowa Sannu-Sannu yake ce masa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, don duk motar da ya kama sitiyarinta ta yi sallama da gudu ke nan. Bai taɓa jin haushi ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ku yi gaba, zan iske ku a bakin hanya kuna canza taya."

A wata ma'aikata yake aiki, mai haƙa rijiyoyin burtsatse da gyaran famfunan tuƙa-tuƙa a ƙauyuka. Shi ke kai masu gyara da kayansu. Da yake ba mai iya zama a mota ba ne yana kallon mutane suna gumi, yau ya riƙe bututu, gobe ya ɗaure noti, har aikin ya zauna masa a hannu. Da aka rufe ma'aikatar aka yi gwanjon motocinta, sai ya sayi wadda yake tuƙawa, ya koma gyaran famfo na ƙashin kansa.

Shuɗiya muke ce mata. Akori-kura ce mai ja da tayoyi huɗu, mai dogayen ƙafafu, irin wadda aka yi don yashi da taɓo. Kujera ɗaya ce doguwa a gaba, soso ya leƙo ta gefen direba. Ƙofar fasinja sai ka ɗan ɗaga ta sannan ta rufu. Cikinta kullum warin dizal da roba mai zafi, har yau in na ji wannan warin sai in waiga. Sandar giya biyu gare ta: doguwa ta canza giya, gajeriya ta sa tayoyin gaba su ja in hanya ta ɓaci.

Tana da hali ɗaya. In ana gangara a lamba biyu, sai sandar ta yi tsalle ta koma firi, motar ta saki jiki ta nufi ƙasa. Maganin da Baba ya samo shi ne wani ya riƙe sandar har a sauka. Duk mu 'ya'yansa mun yi wannan aikin lokacin hutun makaranta. Da ya hango gangara sai ya ce, "Riƙe min ita," ka ɗora hannu biyu kana jin tana kakkarwa tana neman ƙwacewa, kamar ka kama ƙafar akuya. Da muka girma muka watse, sai aikin ya faɗa kan Inna. Ta fara bin sa ƙauyuka da kwalin sabulu da zare da allura tana sayarwa, shi yana can yana fama da bututu.

"Malam, ka kai ta a gyara mana," in ji Inna, ba sau ɗaya ba.

"Ai ba lalacewa ta yi ba. Hali ne."

"To hannuna ne ke biyan kuɗin halin."

Akwai mai gyaran kuwa, a kusa ma. Kawu Gajere, amininsa, bakanike ne da gareji a bayan layinmu. Dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu, shi ya sa ake ce masa Gajere. Ba mu haɗa jini ba, amma mun tashi muna ce masa Kawu. Shi ke canza wa Shuɗiya baƙin mai da birki, amma giyabos, wato akwatin giya, Baba bai taɓa barinsa ya taɓa ba.

"Kawo ta in buɗe, Sannu-Sannu. Wata rana za ta ajiye ka a daji."

"Na san ka. Kana buɗewa za ka ce komai ya mutu."

"In ya mutu in ce yana barci?"

Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, har gashinsu ya yi fari. Kawu ya bar wa 'ya'yansa garejin saboda yanar ido ta fara hana shi gani, ya koma zaman benci yana yi musu faɗa.

Ranar da abin ya faru ina gidan mijina da 'ya'ya biyu, ina koyarwa a firamare. Inna ce ta ba ni labari. Suna dawowa daga wani ƙauye, suka tsallake busasshen rafi mai yashi. Baba ya sa lamba ɗaya ya hau gaɓa, yana kaiwa sama ya taka kuloci zai sa biyu, sai suka ji ƙas! Sandar ta saki, tana yawo a hannunsa kamar ludayi a tukunyar da ba komai. Motar ta maƙale a lamba ɗaya, ta ƙi shiga wata giyar. A haka ya jawo ta har gida, injin yana ihu, mota tana rarrafe. Masu kekuna suna wuce su suna cewa, "Sannunku da hanya!" Inna ta ce wani ma ya je inda za shi ya dawo ya sake gaishe su. Baba ya ce wannan ƙari ne, amma bai yi dariya ba.

Da na zo ganinsu na tarar da Shuɗiya a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, ganye ya fara taruwa a bodinta. Yayana ya riga ni zuwa, ya kuma riga ya faɗi abin da ke bakinsa.

"Baba, ka huta haka nan. Mu sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa. Me ka rasa da ba za mu yi maka ba?"

 Baba dai ya tashi ya ɗauki tsumma ya fita yana goge gilashin motar da ba inda za ta. Inna ta ja ni ɗaki ta ce tun ranar ba ya cin abincin kirki, in ya ji mutanen ƙauye sun kira waya famfonsu ya tsaya, sai ya ce musu yana nan tafe, ya kashe wayar ya koma ya zauna.

Ni na je na sami Kawu Gajere a bencinsa. Ban gama bayani ba ya miƙe yana laluben hularsa.

"Shekara nawa ina jiran ranar nan! Ɗauko min akwatin can, 'yata. Ba wannan ba, na ƙarfen."

Bai yarda a ja motar zuwa gareji ba, ya ce yaran zamani za su cika masa kunne. A nan ƙarƙashin mangwaro aka shimfiɗa kwali. Hutun makaranta ne, don haka kullum da safe nakan zo. Kawu yana kwance a ƙasan mota yana aiki da yatsu, don hannunsa ya fi idonsa gani. Baba yana tsugune yana miƙa sifana. Ni ce mai duba lambar sifanar, don su biyun ba mai iya karanta ƙananan rubutun, kuma kowa yana cewa ɗayan ne makaho.

Aka tsiyaye man giya a tsohuwar roba. Baƙi ƙirin ya fito, yana walƙiya da garin ƙarfe. Kawu ya murza shi a yatsa ya miƙa wa Baba a hanci.

"Ga halin nan naka. Shinshina."

Aka kwance farfela ta gaba da ta baya, dogayen ƙarafan da ke juya tayoyi, aka cire sandunan giya ta cikin mota, aka tokare giyabos ɗin da jak da guntun katako. Ranar sauke shi sai da Yaya da mijina suka zo, don abin ya fi buhun siminti nauyi nesa ba kusa ba. Yaya ya zo yana ƙunƙuni, amma shi ya fi kowa shiga ƙasan motar, ya fito da rigarsa ta ofis ta zama tsumma.

Da aka buɗe murfin a kan tebur, sai ga abin da ya karye: wani ƙarfe mai yatsu biyu, wanda ke tura giya ta shiga, ya rabu gida biyu ya toshe hanya. Haƙoran lamba biyu kuwa sun cinye sun yi sumul. Kawu ya bi su da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga yadda Baba ke kallon cikin akwatin, ya fasa. Ya ce kawai, "Ta yi ƙoƙari."

Masu sayar da kayan mota suka ce an daina kawo na irin wannan tun tuni. Sai dai na hannu, in an dace. Na ari motar mijina na ɗauki tsofaffin biyu muka shiga zagayen 'yan gwangwan. Wani ya ce ya taɓa samu ya sayar. Wani ya nuna mana na wata mota daban yana rantsuwa zai shiga, Kawu ya shafa shi sau ɗaya ya ce, "Zai shiga, a motar kakanka." A ƙarshe aka kwatanta mana wani fili a bayan gari, inda ake jibge motocin da ba a kai ga yanka su ba.

Filin ciyawa ta cinye shi. Motoci a kan duwatsu ba tayoyi, kaji suna kwana a cikinsu. Mai wurin ya kai mu can ƙurya, ya nuna wata akori-kura irin Shuɗiya sak, sai dai ita fara ce, ko in ce ta taɓa zama fara. Ba inji, ba gilashi. Kawu ya durƙusa ya leƙa ƙasa ya laluba, ya ce giyabos yana nan.

Baba bai zo kusa da mu ba. Yana tsaye a ƙofar direba, ya ɗora tafin hannu a kan wata lotsawa mai zurfi a tsakiyar ƙofar.

"Gajere," ya ce, "zo ka taɓa nan."

Kawu ya zo ya shafa. Ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Ta Mai Fito ce," in ji shi a hankali.

Na san sunan, ko da yake ina ƙarama ya rasu. Mai Fito shi ne ɗayan direban ma'aikatar. Tare aka ba su motocin sababbi, tare suke fita, in wannan ya kafe a taɓo wancan ya ja shi. Bakinsa ba ya rabuwa da fito, har a gaban manya. Baba ya ba ni labarin lotsawar a nan tsaye: wata rana garken shanu ya tare musu hanya, Mai Fito ya leƙo ta taga ya yi wa wani bijimi fito don ya kauce, bijimin kuwa ya juyo ya zuba wa ƙofar ƙaho. Mai Fito ya tsallaka ta ɗaya ƙofar ya haye bodin Shuɗiya, bai sauko ba sai da garken ya ɓace. Daga baya ya hana a buge lotsawar, ya ce shaida ce ya yi yaƙi.

Baba yana ba da labarin yana dariya, har dariyar ta ɗauke. Ya leƙa ciki. Sandar giyar tana nan, an nannaɗe kanta da robar tayar keke, ta bushe ta tsattsage.

"Ni na naɗa masa wannan," ya ce. "Wai tana ƙona masa hannu da rana."

Muka bar shi shi kaɗai, ni da Kawu muka je muka yi magana da mai wurin.

Giyabos ɗin farar motar ruwa ya shige shi. Boris ɗinsa duk sun yi tsatsa, amma haƙoransa lafiya lau, don Mai Fito bai daɗe yana tuƙa ta ba, waɗanda suka gaje ta kuma inji suka fara kashewa. Kawu ya ce za a haɗa ɗaya daga biyun: akwati da boris na Shuɗiya, haƙora da ƙarfen turawa na fara. Tsakar gidanmu ta koma gareji. Inna ta ba da babban farantinta da tsohon buroshin haƙori, ni da Baba muna wanke ƙarafa da kananzir muna jerawa a kan buhu yadda Kawu ya ce, kada a sauya musu layi. Da rana Inna ta kawo shayi, su sha da hannu baƙi, suna musu kan wace shekara aka yi ruwan da ya cinye gadar wani ƙauye, da waye ya fara kafewa.

Ana cikin haɗawa aka yi ɓarna. Akwai wani ɗan ƙwallon ƙarfe, bai kai ƙwayar wake ba, da ke zama a kan sifirin yana riƙe giya kada ta fita. Kawu yana danna shi da sukundireba, sai ya kuɓuce, fit! Muka ji ya bugi kwanon rufi, daga nan shiru. Na farar motar tsatsa ta cinye shi, don haka ba wani. Muka bazu a tsakar gida a durƙushe, tsofaffi biyu da malamar makaranta, muna tona yashi da yatsu.

"Kai ka motsa teburin," Kawu ya ce wa Baba.

"Ni da nake can bakin famfo? Ka ce dai idonka."

"Idona ne ya tuƙa ta shekara da shekaru ba gyara?"

Inna ta fito ta tsaya tana kallonmu. Ta koma ɗakin girki ta fito da tsintsiya da rariya. Ta ce kowa ya tashi ya ba ta wuri. Ta share tsakar gidan kaf ta tara yashin wuri ɗaya, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana tankaɗewa. Ta sami maɓalli, ta sami ɗan kunnena da ya ɓata tun ina budurwa, can sai ga ɗan ƙwallon yana gangarawa a cikin rariya. Ta ɗauka ta goge a zaninta ta miƙa wa Kawu.

"Ga shi. In ya sake tashi, ku bi shi da kanku."

Mayar da giyabos ya fi sauke shi wuya. Kawu ya sa aka canza faifan kuloci tun da an riga an buɗe. Yaya da mijina suka ɗora akwatin a jak suna turawa, amma bakin ƙarfen giyabos da ke shiga cikin kuloci ya ƙi shiga. A tura, a ja baya, a ɗaga, a sauke. Gumi ya jiƙa kowa. Kawu yana kwance a ƙasa, ido rufe, hannu a tsakanin inji da akwatin.

"Ɗaga gindin kaɗan. Ya yi yawa. Sauke. Sannu-Sannu, sa giya ka murza bayan. Yawwa. Ku girgiza shi, kada ku tura da ƙarfi."

Sai muka ji ƙwal, akwatin ya zauna daram. Yaya, wanda ya ce a sayar wa 'yan gwangwan, shi ya fara ihu.

Washegari da hantsi aka zuba sabon mai aka fita gwaji. Baba a sitiyari, Inna a tsakiya, ni a bakin ƙofa, Kawu a bodi yana riƙe da ƙarfe, ya ce daga can ya fi jin kukan giya. Ɗaya ta shiga. Biyu ta shiga ba ko ƙara. Baba ya nufi gangaren da ke bayan makarantar sakandare, ya sa lamba biyu ya ɗaga ƙafa daga totur. Kafin ya yi magana hannun Inna ya riga ya kai kan sandar.

"Sake ta mu gani," ya ce.

Ta saki. Sandar ta tsaya cak har muka sauka. Kawu ya buga rufin mota da tafin hannu yana ihu, "Na faɗa maka! Tun yaushe na faɗa maka!" Inna ta rasa inda za ta sa hannun, ta ɗora a cinya, ta gyara mayafi, ta sake ɗorawa a cinya.

"To ni yanzu me zan riƙa yi a hanya?" ta ce.

"Ki riƙa yi min hira," in ji Baba.

Ya ƙara wasu shekaru yana zuwa ƙauyuka, Inna tana gefensa. Ba motar ce ta gaji ba a ƙarshe, gwiwarsa ta hagu ce. Kulocin Shuɗiya yana da tauri, ya zama in ya dawo sai an gasa masa ƙafa da ruwan zafi. Wata rana ya dawo ya ajiye makulli a kan tebur ya ce ya isa. Ba wanda ya sa shi. Ya miƙa motar da kayan aikin ga wani magidanci da ya koya wa gyaran famfo a ɗaya daga ƙauyukan, ya zagaya da shi ya nuna masa yadda ake rufe ƙofar fasinja, ya tsaya a bakin titi har ta sha kwana. Daga nan ya koma benci kusa da Kawu Gajere, su biyu suna yi wa yaran gareji faɗa, yaran suna cewa "To, Baba," suna ci gaba da abin da suke yi.

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Da ya rasu, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa waɗanda mu 'ya'yansa ba mu taɓa gani ba. Inna ce kawai ta san su, tana kiran kowa da sunan ƙauyensu. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce duk sanda ya gyara musu famfo ba ya tafiya sai ya wanke dandamalin famfon da kansa, ya tsaya ya ga yara sun cika bokiti.

Inna ta tambaye ta yadda suka iso da wuri haka, ga garin nasu da nisa, ga rafin nan mai yashi.

"Ai an yi gada, an shimfiɗa kwalta har ƙofar makaranta," in ji tsohuwar. "Yanzu ƙaramar mota ma tana zuwa. Kafin ki gyara zama kin iso."

"Gangaren nan mai duwatsu fa?"

"An fasa shi. Ba za ki gane wurin ba."

Inna ta kalli tabarma. Can ta ce, "To, madalla. Kun huta." Sannan ta juyo ta ce in tashi in kawo wa baƙi ruwa, sun sha hanya.